Sawun Lasifika Mai Ƙafa Uku

Safiyar Litinin na buɗe ɗakin zane na tarar da teburina kamar bakin da aka fizge wa haƙora biyu. Kwamfuta tana nan, akwatin faya-fayanta yana nan, har ragowar gyaɗar da na bari ranar Juma'a ba a taɓa ba. Lasifikokin ne babu.

A daminar 1988 ne, a wata masaƙar atamfa a Challawa, inda ni Zinariya nake zana furannin da ake bugawa a jikin yadi. Ɗakina yana manne da zauren injinan saƙa, ƙararsu kuwa ko aradu ta faɗi sai dai a ba ka labari. In kwamfutar ta yi kukan gargaɗi ba na ji, har wata rana zane guda ya salwanta. Shi ya sa manajanmu, Alhaji Abdulwahid, ya sa aka sayo lasifikoki biyu irin na masu jin kiɗa, manya, masu nauyi, waɗanda na'urar ƙara sautinsu tana cikin cikinsu. Ka jona su da wuta, ka jona waya a bayan kwamfuta, shi ke nan. Da su ne ma muka gano cewa na'urar tana karanta abin da aka rubuta mata, da wata murya kamar ta Baturen da mura ta kama. Masu shara kan leƙo don su ji ta ce sannu da aiki.

Ranar da aka kawo su na manna su a jikin gilashin kwamfutar, sai jan furena ya koma shunayya, fari ya koma kore. Na ɗauka idona ne. Ashe mayen ƙarfen da ke cikinsu ne yake jan launi. Na matsar da su nesa da kamu ɗaya, amma tabon ya daɗe a kusurwar gilashin kafin ya washe. Lasifikar dama kuma ta zo da ƙafafun roba uku maimakon huɗu, sai na naɗe ƙyalle na tokare ta. Ƙyallen nan ma yana nan a kan tebur, ɓarawon bai san amfaninsa ba.

Kafin hantsi masaƙa ta gama yanke hukunci. An tsinci wayar lasifikar a ɗakin maigadi, an ga sawun dogon takalmin roba irin na masu gadi daga ƙofata zuwa can, makullan ofisoshi kuma a ɗakin ake rataye su ƙarshen mako. Maigadin shi ne Mamman, mutumin Damagaram, mai mata da 'ya'ya uku a Panshekara, ba shi da takardar zama.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Falalu, shugaban ma'aikata da tsaro, yana kaɗa makullin motarsa. "An kulle shi a sito. In bai fito da kaya ba, ranar Alhamis 'yan sanda su zo, daga nan sai bakin iyaka."

Na ce, "Na sha ganin ruwan da aka zuba wa tsamiya, Malam Falalu."

"Ke dai yi zanenki, Malama."

*

Alhaji Abdulwahid ba mugu ba ne, mutum ne mai son a yi a gama. Don a ce an bi ƙa'ida ya aika aka ɗauko Malam Idi mai bin sawu, wanda ya yi suna wajen gano shanun sata a ƙasar Gumel kafin masu masana'antu su riƙa kiransa. Na zaci zan ga tsoho a takure. Sai ga dogon mutum da shadda mai sitaci, da rediyo rataye a kafaɗa, yana taku kamar shi ya gina masaƙar. Bai gaida kowa ba sai da ya kori mutane daga tsakar fili.

"Kun tattake mini rabin shaida, sauran rabin ma so kuke ku zauna a kai?"

Ruwa ya sauka daren Juma'a, ƙasa ta riƙe komai. Ya tsuguna a kan sawun takalmin, ya bi shi har ɗakin gadi, ya dawo da baya. Sa'an nan ya shigo ɗakina, ya yi banza da kwamfutar da kowa ke zuwa kallo, ya kwantar da kai a kan tebur yana duban inda lasifikokin suka zauna.

"'Yar boko, nauyinsu ya kai na ɗan akuya?"

"Ya fi."

"To wanda ya yi wancan sawun ko kaza bai ɗauka ba. Mai kaya dugadugansa ke nutsewa. Kuma takalmin ya yi masa yawa, jan sa yake yi kamar mai koyon tafiya." Ya nuna tebur da haɓa. "Nan ƙafa huɗu, nan uku. Gurguwa ce?"

"Haka ta zo."

"Madalla. Gurguwar saniya ta fi sauƙin nema."

Falalu ya tsaya a bakin ƙofa. "Malam, sawu ya kai ɗakin maigadi ko bai kai ba?"

"Ya kai."

"To aiki ya ƙare. Sawu ba ya ƙarya."

"Sawu ba ya yi," in ji Idi, "amma ƙafa tana yi. Ni kuma ban taɓa barin sawu a tsakiyar hanya ba, ko wanda ya kira ni ya gaji."

*

Mamman yana zaune a kan dilar auduga a sito, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya gan ni ya miƙe.

"Wallahi tallahi, Malama, ban bar ƙofa ba tun safe har aka karɓe ni."

Idi ya kashe rediyonsa. "Kada ka fara da rantsuwa, ɗan'uwa. Silifas ɗinka mai ɗinki a hagu ya fita har bakin titi ranar Asabar, ya tsaya wajen mai tebur, ya dawo da sauri. Me ka sayo?"

Na zo kare mutum, ga shi an kama shi da ƙarya a kalmar farko.

"Sigari," in ji Mamman a hankali.

"Kana sha?"

"Allah ya kiyaye. Aike na aka yi."

"Wa?"

Ya girgiza kai. Na ce, "Mamman, Alhamis fa za a tsallaka da kai. Matarka Fanna da yaran fa?"

"Babba ne, Malama. Wanda inuwarsa ta rufe ka, ba ka nuna shi da yatsa. Ya ce in yi haƙuri, zai san yadda zai yi."

Ba irin magiyar da ban yi ba. Idi ya ja ni waje. Ya ce ya ga sawun taya a gefen ɗakina, amma manyan masaƙa duk Fijo iri ɗaya kamfani ya ba su, tayoyi iri ɗaya, kuma da manaja da injiniya da Falalu kowa ya leƙo ranar Asabar.

"A ƙofa ana laluben kowa," na ce, "har kwanon abincin mata ana buɗewa. Mota ce kaɗai ba a taɓawa."

"Ashe bokon bai cinye ki duka ba."

*

Su kuwa masu saƙa, waɗanda ba su yarda da laifin Mamman ba, sun karkata ga Ɗan'auta, mai gyaran zare, wanda ke sa faifai a gidajen biki ranar hutu. Kowa ya san ya sha zuwa ɗakina yana shafa lasifikokin kamar mai taya doki. Muka same shi a bayan ɗakin rini yana cin rogo.

"Anti, ni? Ni da na roƙe ki aro kika ce ko inuwarsu ba zan ɗauka ba?"

"Shi ya sa ake zarginka."

"To a je a duba. Ɗakina ko tabarma biyu ba ta shimfiɗuwa, in na sa su ciki sai dai ni in kwana a waje. Kuma Asabar ina Kumbotso gidan suna, mutum ɗari sun ga ina rawa, har wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah."

Idi ya dubi ƙafarsa ya yi tsaki. "Wannan ƙafar ba takalmin da zai yi mata yawa."

Ɗan'auta ya ce shi da kansa ya zaga wajen masu sayen kayan sauti daga Sabon Gari har Bompai, ya gaya musu duk wanda aka kawo wa ya riƙe mai kawowa. "Don ni abin ya fi ciwo. Kaya irin wannan, ko a bayan talabijin ka jona sai gida ya zama silima, a ce wani wanda bai san kiɗa ba ya ɗauka!"

*

Ranar Laraba da azahar Fanna, matar Mamman, ta zo bakin ƙofa da goyo. Ba kuka take ba, a fusace take.

"Malama, bai ishe su ba sun kulle mini miji, yanzu ni ce mayya. Wai na yi wa gidan Falalu jifa don ramuwa. Na je famfo, mata suka kwashe bokitansu."

"Jifan me?"

"Wai talabijin ɗin Hajiya Yelwa. Mai karanta labarai rabin fuskarsa kore, rabi shunayya. Har an kira malami ya yi turare."

Nan take na tuna gilashin kwamfutata. "Yaushe abin ya fara?"

"Ita ta ce tun da ta dawo daga biki a Kura ranar Lahadi ta tarar da shi haka."

Lahadi. Mamman kuwa Litinin aka kama shi. Duk matan Panshekara ba wadda ta tsaya ta tambayi yadda ramuwa ta riga laifi zuwa.

Na gaya wa Idi zancen mayen ƙarfe da yadda ya taɓa ɓata mini launi. Ya saurara har ƙarshe, karo na farko da bai katse ni ba.

"Wannan ban san shi ba," ya ce. "Amma gidan aure ne, ni ba ni da hanyar shiga. Ke za ki zame mini ido. In kin shiga, kowa gilashin zai kalla. Ke ki kalli inda abu ya zauna."

*

Na tafi jaje da la'asar. Hajiya Yelwa, matar Falalu, mace ce mai fara'a, ba ruwanta. Falon cike da maƙwabta da ƙaurin turare, an kunna talabijin ana ta salati. Gefen hagu shunayya, gefen dama kore, daidai irin tabon da na sani, sai dai wannan ya fi muni, don an matse shi ta gefe biyu.

"Kin gani ko, Malama? Mutum ka taimake shi, matarsa ta saka maka da wannan. Maigidan nan fa shi ya samo wa Mamman aikin."

"Allah ya kyauta," na ce. Wato ga inuwar da Mamman yake faɗi.

Talabijin ɗin yana kan doguwar kabad, an shimfiɗa mata farin ƙyalle mai ado. Na matsa kamar mai duban ɗinkin. A hagu, baƙaƙen tabo huɗu, zagayayyu kamar kwabo. A dama, uku.

"Wannan kuma fa, Hajiya?"

"Bari kawai. Kwana biyu na yi ba na nan, ya ajiye mini kofuna ko mene ne oho. Ya ce shi bai san komai ba. Maza!"

"Ba ni shi in gwada wanke miki. Muna da wani sabulu a ɗakin rini."

Ta naɗe ta ba ni har da godiya. Ita ce kaɗai na ji wa kunya a duk wannan lamari.

Idi yana jira a gindin wata darbejiya. Ya buɗe ƙyallen, ya auna tabon da ɗan yatsa, ya yi murmushi.

"Gurguwar ta kwana nan. To ina ta tashi? Gida ya gagare ta tunda uwargida ta dawo. Kasuwa Ɗan'auta ya toshe. Saniyar sata in ta rasa maɓoya, ana tsayar da ita ne a inda ba mai ikon dubawa."

*

Alhamis, lokacin canjin aiki, 'yan sanda biyu suka iso. Aka fito da Mamman. Masu tashi da masu kamawa suka cika bakin ƙofa, Fanna tana waje ta riƙe ƙarfen ƙyaure. Alhaji Abdulwahid ya sauko, injiniya na biye, Falalu kuma ya riga ya tada mota wai zai raka su caji ofis.

Na je na tsaya a gaban motar.

"Malama, kauce," in ji Falalu.

"Ba inda za ni."

Idi ya ɗaga murya, ya faɗi abin da ƙasa ta gaya masa: takalmin da ya yi wa mai shi yawa, tafiyar da ba kaya, silifas ɗin da aka aika bakin titi, motar da ta tsaya a gefen ɗakin zane. Ya ce Ɗan'auta ya fita daga zargi, Mamman ya fita, saura masu mota uku. Ni kuma na shimfiɗa farin ƙyallen a kan murfin injin, na faɗi inda na samo shi, na faɗi abin da ke sa fuskar mutum ta yi kore a talabijin.

"Ba jifa ba ne. Mayen ƙarfe ne, kuma yana cikin kayan da aka sace."

Falalu ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, yanzu da tabon ƙyalle za a tozarta ni? Mai bin shanu da mai zanen fure?"

"A buɗe but ɗin motar," na ce.

Alhaji ya gyara hula. "Zinariya, ba a taɓa buɗe motar babban ma'aikaci a nan ba. Ba al'adarmu ba ce."

"Ranka ya daɗe, kullum a ƙofar nan ana buɗe kwanon tuwon mata ana juya shi da cokali. Lasifika ba ta shiga kwano. In ba a buɗe ba, sai dai motar ta bi ta kaina."

Ban san lokacin da matan sashen naɗi suka zo suka tsaya a bayana ba. Ɗan'auta ya zauna a ƙasa a gaban taya yana cewa shi dama ya gaji da tsayuwa. Injiniya ya je ya buɗe tasa motar da kansa, ba komai sai taya da jarka. Daga nan Alhaji ya miƙa wa Falalu hannu, ba don gaisuwa ba.

Da ya karɓi makulli aka buɗe, sai ga lasifikokin a ciki, an naɗe su da yadin masaƙa. Idi ya kifa ta dama, ya nuna wa jama'a ƙafafunta uku.

Mamman ya daɗe yana kallon Falalu. "Ni ina sito ina rufa maka asiri," ya ce, "ashe kai kana jiran a tsallaka da ni."

*

A ofis Alhaji ya tara mu. Ya sallami 'yan sanda. Ya ce Falalu ɗan gidan mutunci ne, zai ajiye aiki da kansa a ce lafiya ce ta hana shi. Mamman ya koma gadinsa. Duk ma'aikacin da ya ƙara tada maganar, a bakin aikinsa.

"Ranka ya daɗe, an kira shi ɓarawo a gaban masaƙa duka. Wa zai janye?" na ce.

"Ai kowa ya gani."

"Waɗanda ke bakin ƙofa sun gani. Na cikin zaure ba su gani ba. Gobe labari zai koma an yafe wa maigadi don tausayi."

"Na gama magana."

Idi ya rataya rediyonsa. "Ni nawa ya ƙare, na kai sawu gida. 'Yar boko, saura naki." Ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Na sa Ɗan'auta ya mayar da lasifikokin ɗakina. Na tokare gurguwar da ƙyallenta, na juya su suka fuskanci tagar da ke kallon zauren saƙa, na jona wuta, na murɗa sautin har ƙarshe. Sai da na yi ta sauya rubutun kafin Baturen mai mura ya iya furta shi yadda kunnen Bahaushe zai kama. Sa'an nan na danna.

"Mamman bai yi sata ba."

Gilashin taga ya girgiza. Na sake dannawa. Injin farko ya tsaya, na biyu ya bi. Na sake. Wani ya amsa daga zaure, "Mun ji, Bature!" Dariya ta tashi, sai kuma zauren duka ya ɗauka yana maimaitawa.

Alhaji ya shigo yana haki. "Kashe abin nan!"

"Ma'aikata kuka hana, ranka ya daɗe. Na'urar nan kayan ofis ce."

"Zan iya korar ki yau."

"Kuna iyawa. Amma har in kwashe kayana za ta yi ta faɗa, sai in wani mai baki ya karɓe ta."

Yatsana yana kan maɓalli. Ya dube ni, ya dubi zauren da ya tsaya cak, kowa ya ɗago kai. Ya fita, ya hau kan wata dila, ya faɗa da bakinsa cewa Mamman bai ɗauki komai ba, kamfani ya zalunce shi, matarsa kuma ba ta yi wa kowa jifa ba. Sai a lokacin na zare waya.

Washegari aka ba ni takardar gargaɗi, na liƙa ta a bango kusa da zanen atamfar Sallah. Da yamma ina fita na tarar motoci sun yi layi a bakin ƙofa, abin da ba a taɓa gani ba. Ta Alhaji ce a gaba, direba yana ta danna ham. Mamman ya ƙi ɗaga ƙarfen tare hanya. Ya zagaya ta tagar baya, ya rusuna da ladabi kamar kullum.

"Barka da yamma, ranka ya daɗe. A buɗe but."